Shagon cike takardun biza da ya yi wa Kawu aikin tafiya Turai

Tun da Kawu ya dawo mutane ke damuna a waya, wa ya yi maku takardu, nawa kuka kashe, wai gwamnati ce ta kai shi? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Sunan shagon dai ba zan faɗa ba, don maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ni da mai shagon muna haɗuwa a masallacin Juma'a. A cikin garin Katsina yake, saman wani bene, ƙasa masu gyaran waya, sama shi da yaransa biyu.

Kawuna mai goge ne, a Daura yake zaune, ya haura sittin. Wata Baturiya mai binciken kiɗa ta ɗauki wasansa lokacin Sallar Gani, aka yi shiru har mun manta, sai ga wasiƙa wai ana gayyatarsa wani bikin kiɗan gargajiya a wani ƙaramin gari a Turai, kwana 9, shi da mutum uku, masu ƙwarya biyu da ɗan amshi. Masu gayyatar suka ce jirgi da masauki da abinci da ɗan ladan wasa duk nasu ne, amma fasfo da biza da inshora da zirga-zirgar Abuja namu ne. Da yake ni ke koyarwa a sakandare, dangi suka taru suka ce kai ne ɗan boko, suka ɗora mani. Ni kau ko Maradi ban taɓa zuwa da fasfo ba.

Ranar farko da muka hau benen nan Kawu na haki, rungume da gogensa a cikin zane don ya ƙi barinsa a mota. Ɗaki ne madaidaici, kwamfuta biyu, firinta ɗaya mai tari kafin ta fitar da takarda, sai fanka mai sola. Mai shagon ba zai wuce arba'in ba, ya tashi ya ba Kawu kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, wannan kam ya burge ni. Ko zama Kawu bai gama yi ba ya jefo tambayar da ya taho da ita tun daga Daura.

"Ɗana, ina ake karɓar kuɗin gwamnatin? Na ji a rediyo an ce mu jakadun ƙasa ne."

Mutumin bai yi dariya ba. Ya nuna wani tsohon hoto baƙi da fari a bango, ya ce Baba ka gane wannan? Kawu ya ce ai Sardauna ne. Ya ce na kusa da shi fa? Louis Armstrong ne, mai busa ɗan Amurka, a Kaduna cikin 1960. Ya ce rangadin Afirka ya fito, kamfanin Pepsi ya biya wani ɓangare, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki sauran, don a lokacin suna gasa da Rasha kuma sun gane mai ƙaho na shiga inda jakada mai kwat ba ya shiga. "Na rataye shi ne Baba don duk mai irin tambayarka in nuna mashi yadda abin yake in gwamnati na so. Mu a nan zan rubuta maka wasiƙu, zan gaya maka ƙofofin da za a buga, amma kada ka saida akuya ko ɗaya da sunan za a maido maka."

A nan na fara yarda da shi. Na sha jin labarin ejan da ke cewa kawo dubu ɗari biyar ina da mutum a ofishin jakadanci, wannan tun farko ya ce ba shi da kowa, biza ba a hannunsa take ba, aikinsa takarda ta fita tsaf. Kuɗin aikinsa dubu 40 kan kowane mutum, rabi kafin, rabi ranar da fayil ya kammala.

Abu na farko da ya gano, wanda da ni kaɗai ne wallahi da na wuce shi: sunan da ke cikin wasiƙar gayyata sunan kiɗa ne, wanda duk Daura ta san Kawu da shi, ba shi ne a katin NIN ba. Ya ce in aka kai haka mutum biyu ne a wurin masu ba da biza. A take ya rubuta wa Baturiyar imel ta sake wasiƙa da cikakken suna kamar yadda zai fito a fasfo, ta kuma ambaci sunan kiɗan a matsayin laƙabi. Fasfo kuma Kawu bai taɓa yi ba, mun faɗa cikin sabon farashi, tun Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira dubu 100, shekara ɗaya kafin nan dubu 50 ne. Mutum huɗu, ka lissafa da kanka. Gero buhu nawa ke nan.

Sai maganar da ta fi cin lokaci, kuma inda nake ganin kuɗinmu ya halatta gare shi, wato tabbatar wa Bature cewa Kawu makaɗi ne. Abin dariya ne in ka ji, mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu yana jan tsagiya, amma a takarda babu shi. Ba kwantiragi, ba rajistar kamfani, ba faifai da sunansa, ba komai. Mai shagon ya sa muka bi dangi da abokan arziki muna tattara bidiyon biki daga wayoyin mutane, ya zaɓi guda shida masu kyan sauti ya ɗora a YouTube, ya sa muka nemo tsofaffin katunan biki da aka buga sunan Kawu a ƙasa, muka karɓo wasiƙa daga shugaban makaɗan yankinsu da wata daga mai unguwa, wani gidan rediyo da ya taɓa hira da shi ma ya ba mu shaida. Ya zaunar da Kawu kusan awa biyu yana tambayarsa wa ya koya maka, ina ka fara, wane sarki ka yi wa wasa, ya rubuta tarihinsa shafi ɗaya da Turanci. Da na fassara wa Kawu sai ya yi shiru can ya ce ashe haka nake. Ni ma dai na ji wani iri.

Takardar banki kuma nan ne aka yi ƙaramin rikici. Kuɗin Kawu liƙi ne, a filin biki ake manna mashi a goshi, wani ya ba shi shadda, wani tunkiya, asusunsa kau in ka ga shiga to ɗansa ne ya turo daga Legas. Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya ce a bari ya zuba miliyan uku a ciki na sati biyu a buga takarda a maido mashi. Mai shagon ya ce in aka yi haka shi ya cire hannunsa, don masu duba fayil abin da suka fi sani ke nan, asusu yana barci wata biyar sai ya farka da miliyoyi ana saura kwana goma. Ya ce a bar asusun yadda yake, a sa wasiƙar masu gayyata da ta ce su ke ɗaukar nauyi, a haɗa da takardar gona da ta gida da shaidar iyali, abin da suke son gani shi ne mutum yana da abin da zai dawo dominsa. Ɗan'uwan namu ya ji haushi, har yau yana cewa yaron nan tsoro gare shi.

To, maganar gwamnati. Mai shagon ya rubuta wasiƙu uku masu kyau, ya ce ga inda za a kai. Ba zan ambaci ofisoshin ba. Na ɗaya an karɓa an buga hatimi, na koma sau huɗu, yau oga ya tafi Abuja, gobe fayil na sama, jibi a dawo bayan Sallah. Na biyu wani dattijo ya gaya mani gaskiya cikin mutunci, ya ce Malam babu wannan a kasafin bana, kuma ko akwai, tawagar da ofis ya zaɓa da kansa ake kashe wa, ba wanda aka gayyata shi kaɗai ba. Amma ya ba mu wasiƙar gabatarwa mai tambarin gwamnati cewa Kawu sanannen makaɗi ne a jihar nan, ko sisi babu a ciki, sai dai mai shagon ya ce ta fi wasu kuɗin amfani a cikin fayil. Na uku ko amsa.

Mai shagon ne ya fahimtar da ni bambancin da ban sani ba. Idan gwamnati ce ta tura ka, ma'aikatar harkokin waje na rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa ofishin jakadancin ƙasar, wani lokaci ma da fasfo na ma'aikata mai shuɗin bango, fayil ɗinka ba layi ɗaya yake bi da na kowa ba. Idan kau kai aka gayyata da sunanka, to kai da ɗan yawon buɗe ido da mai zuwa ganin ɗansa duk ɗaya, koren fasfo, ka bi layi. Kawu jakada ne a rediyo, a tagar biza kau tsoho ne manomi mai asusu fayau.

Abin na ci mani rai saboda ba wai ƙasar nan ba ta san abin ba ne. A 1977 Najeriya ta tara baƙar fatar duniya a bikin al'adu na FESTAC, wata guda cur a Legas, aka yi hawan daba a Kaduna, dawakin sarakunanmu suka je, an kashe kuɗi ba na wasa ba. Akwai manufar al'adu ta ƙasa tun 1988. A 2023 aka ware ma'aikata sukutum ta fasaha da al'adu, ministar da aka naɗa ma, Hannatu Musawa, 'yar jihar nan ce, shi ya sa mai shagon ya ce kowa ya hau benensa sai ya ce ai 'yar gida ce, kamar minista na zaune da jakar kuɗin jirgi. A ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya. Duk wannan akwai. Amma dubi babban baje kolin zane na Benis a Italiya, wanda ake yi tun 1895, sai 2017 Najeriya ta fara samun rumfarta, ta sake a 2024, kuma duka biyun gwamnan Edo na lokacin Godwin Obaseki ne ya tsaya, da masu hannu da shuni. Wato sai an dace da mutum ɗaya mai sha'awa. Na tambayi mai shagon shirin Babban Banki na 2019 na masu fim da waƙa da ɗinki fa? Ya ce Malam wannan bashi aka bayar a lokacin, da ruwa har kashi 9, ta banki aka riƙa bi da tsarin kasuwanci a rubuce. Kawu na jin kalmar ruwa ya ce a'uzubillahi, a wuce wurin.

Mai shagon yana da wata takarda da ya manna a bayan ƙofa, jerin masu tallafa wa masu fasaha, ya ce in ɗauki hotonta kyauta. Alliance Française da ke Kano, British Council, Goethe ta Jamusawa a Legas, asusun Prince Claus na Holan, sai Art Moves Africa da ke biyan kuɗin tafiya amma tsakanin ƙasashen Afirka kawai, ya ce da Bamako ko Dakar aka gayyaci Kawu da an gwada ta. Na tsaya ina kallon jerin nan, kusan duk na waje ne. Daga baya ma na gane kuɗin jirgin Kawu daga asusun al'adu na ƙaramar hukumar garin can ya fito, wato harajin wani Bature mai gidan burodi ne ya kai gogen Daura Turai.

Yanzu ƙorafi, don akwai shi.

Na farko rasit. Dubu 40 ya ce, amma kullum sai wani abu ya ɓullo, kuɗin data, kuɗin sikanin, kuɗin hoto don wai wanda muka kawo bangon bai yi fari sosai ba, kuɗin wasiƙun gwamnati ukun nan daban. Ba wai sun yi yawa ba ne, a'a, rashin faɗa tun farko ne, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba sai da na matsa. Ni da zan koma in yi wa dangi lissafi, ka san yadda kuɗin taro yake, sai a fara kallonka. Na biyu waya, in ka tura saƙo a WhatsApp da safe sai dare, wani lokaci sai gobe, kana ganin ya karanta. Na uku ɗaya daga cikin yaransa ba shi da ladabi, yana danna waya yana amsa wa Kawu da "eh" "a'a" ko ɗago kai babu, kuma shi ne ya juya haruffa biyu a sunan ɗaya mai ƙwaryar a takardar inshora. Inshorar nan dole ce, sai ta kai ta yuro 30,000 ga duk mai neman bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen. A Abuja muka gano kuskuren, muna kan layi, bayan mun kwana a hanya, sai da aka sake bugowa a wani shago da kuɗinmu. Mai shagon ya ba da haƙuri ya maido kuɗin, amma tashin hankalin wannan safiyar ba a maido shi.

Babban kuskurensa kau goge ne. Ana saura kwana 12 tafiya Baturiyar ta rubuto tana tambaya, fatar me ke jikin gogen? Na tambayi Kawu ya ce fatar guza mana, da me ake rufe goge in ba ita ba. Ashe guza da damo duk suna cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa wa ido, ba a ƙetara iyaka da fatarsu sai da izini, a nan ma'aikatar muhalli ta tarayya ke bayarwa, in babu kwastan na can na iya riƙe kayan. Mai shagon bai taɓa jin wannan ba. Ya san dai in kayan sassaƙa ne ko wani abu mai kama da na tarihi ana neman takardar hukumar gidajen tarihi, har ya ce ga ofishinsu nan a tsohuwar Kwalejin Katsina a fara tambaya, amma fatar guza ta wuce shi. Mutumin da allonsa ke cewa yana yi wa mawaƙa da makaɗa aiki, kuma gogen nan a gabansa aka kwance shi ranar farko har ya shafa shi yana cewa masha Allah. Lokaci ya ƙure, ba wanda zai bi izini a Abuja cikin kwana 12, dole Kawu ya sa aka haɗa mashi wani gogen da fatar akuya. Kwana uku bai yi mani magana ba, kamar ni na rubuta dokar.

Sakamako: uku sun samu, ɗaya an hana. Wanda aka hana ɗan amshin ne, saurayi ɗan 24, ba mata, ba gona da sunansa, asusunsa na waya ne wata huɗu da buɗewa. Takardar da aka maido da fasfonsa an yi alama a layin da ke cewa ba su gamsu zai dawo ba. Yuro 90 na biza, wanda yuro 80 ne kafin Yunin 2024, ba a maidowa, haka kuɗin cibiyar karɓar takardu, haka kuɗin mota. A nan ba zan ɗora wa mai shagon laifi ba don ya faɗa tun farko, ya ce fayil ɗin yaron nan ne ke ba ni tsoro, har ya ba da shawara a musanya shi da wani magidanci, Kawu ya ce shi ba ya waƙa sai da wannan yaron. Abin da na riƙe shi ne maganar da ya yi ranar da muka koma da fasfunan, ya ce Malam da tawagar gwamnati ce da wasiƙar ma'aikata a sama, da wuya a tsinci yaro ɗaya a cire. Yaron ya raka su har filin jirgin Kano ya dawo a motar haya.

Wasu sun tambaye ni Amurka da Ingila fa, yana yi? Ingila yana yi, akwai hanyar da mai fasaha ke shiga a biya shi ladan wasa in bai wuce wata ɗaya ba, da wasiƙar gayyata. Amurka kau ya ce a gaya wa kowa gaskiya, bizar makaɗan gargajiya P-3 ce, kuma ba daga nan ake farawa ba, mai gayyata ne zai shigar da buƙata can ya biya, kuɗin kuma ya tashi daga dala 460 zuwa sama da dubu a Afrilun 2024 in ba ƙaramar ƙungiya ba ce ko ta sa-kai. Ya ce duk wanda ya ce maka zai fitar maka da ita daga Katsina ba tare da mai gayyata ba, riƙe aljihunka.

In maki ake so, uku da rabi cikin biyar. Wanda ke da gayyata ta gaskiya a hannu ya je, amma ya tafi da littafi ya sa a rubuta kowane kuɗi tun ranar farko, ya karanta kowane suna harafi-harafi kafin ya sauko daga benen, ya kuma fara aƙalla wata uku kafin tafiya tunda ana karɓar takardu tun ana saura wata shida. Wanda kuma ke neman a samo mashi gayyatar ko kuɗin gwamnati, kada ya wahalar da gwiwarsa a matakalar nan.

Kawu ya yi wasa huɗu a can. Ya ce mutanen na zaune tsit kamar ana wa'azi sai an gama su tashi da tafi, ba mai liƙi, abin ya ɗaure mashi kai daren farko har ya zaci bai yi kyau ba. Ɗaya mai ƙwaryar ne ya riƙa yi mashi amshi da muryarsa ta gardi. Gogen fatar akuyar ya bar wa Baturiyar, ya ce dama muryarsa ta mura ce. Makon jiya na bi ta shagon karɓo ragowar takardunmu, na ga an ƙara layi ɗaya da biro a ƙasan jerin bayan ƙofa: a tambayi fatar kayan kiɗa. Yaron nan mai danna waya har yanzu yana nan.